Faci ya wuce gwaji a prefork, ya kayar da saba a event: a gyara ko a mayar, kuma wa zai riƙa sa hannu?

Auwal:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai faci, wato gyaran kod da wani ya aiko daga waje, da ke jiran hukunci a ma'ajiyar modul ɗinmu na sabar yanar gizo ta Apache, wanda ke ƙayyade yawan buƙatun da adireshi ɗaya zai iya aikowa cikin minti. Mai facin ya sauya wurin ajiye ƙidaya. Ya buɗe apr_hash_t guda ɗaya, teburin nema na APR (laburaren da Apache ke aiki da shi), a post_config, matakin da ke biyo bayan karanta saiti, duk buƙatar da ta zo sai a nemi adireshinta a ciki, in babu shi a kwafe shi da apr_pstrdup cikin pconf, rumbun memori na saitin saba, a ƙara. Ya ce ya gwada, kuma gaskiya ya faɗa, a prefork lafiya lau yake tafiya. Prefork da event dai nau'o'in MPM ne, wato hanyoyin da saba ke raba buƙatu ga 'ya'yanta, furoses ɗin da uwar furoses ke haifa. Amma a event, da zarar an matsa wa sabar lamba, 'ya'yanta sai su fara faɗuwa da segfault a cikin apr_hash_set.

Tambayata biyu. Ta farko, mu gyara facin da kanmu ko mu mayar wa mai shi? Ta biyu ita ce babba: yanzu mu huɗu ne ke da ikon shigar da kod, kuma ba mu da rubutacciyar ƙa'ida. Da wani ya shigar da wannan jiya da dare, da ya tafi cikin siga ta gaba.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Auwal, kurakurai uku ne a facin nan ba ɗaya ba, faɗuwar da ka gani ita ce mai sauƙin cikinsu domin ita ce take nuna kanta.

A prefork kowane ɗa buƙata ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, don haka babu mai taɓa teburin tare da shi. A event kuwa, in ba a sauya saiti ba, zare 25 ne, wato layukan aiki masu gudana lokaci guda, a cikin kowane ɗa, kuma duk suna rubutu a tebur ɗaya. apr_hash_t ba shi da makulli a jikinsa. Idan teburin ya cika yana faɗaɗa kansa, ya ɗauki sabon jeri ya kwashe abubuwan can. In zare ɗaya yana tsakiyar wannan kwasa, wani kuma yana bin tsohon jerin, to ga faɗuwarka nan. Shi kansa rumbun pconf ba a yi shi don zare biyu su ɗebi memori daga gare shi a lokaci guda ba.

Na biyu, ko da an sa makulli, abin da aka ɗeba daga pconf ba ya komawa sai an sake kunna saba ko ɗan ya mutu. Duk sabon adireshi ƙarin nauyi ne. Wanda ke da hannu a kan adiresoshin IPv6 masu yawa zai iya kumbura kowane ɗa har na'urar ta shaƙe, wato modul ɗin da aka sa don kariya shi ne zai zama ƙofar ɓarna.

Na uku shi ne wanda ba ya kuka. An gina teburin kafin uwa ta haifi 'ya'yanta, to bayan fork kowane ɗa kwafinsa yake riƙe da shi. ServerLimit na event, wato iyakar yawan 'ya'ya, 16 ne in ba a taɓa shi ba. Mai saba ya rubuta iyaka 100, amma a aikace adireshi ɗaya zai iya kai wa 1,600 in buƙatunsa suka watsu a kan 'ya'ya goma sha shida. A prefork ma abin ya fi haka muni domin 'ya'yan sun fi yawa. Gwajin mai facin ya wuce ne don haɗi ɗaya ya riƙe, ɗa ɗaya ya yi ta amsa masa.

Zainab:
Malam, wannan na uku shi ne dalilin da ya sa ni ban ga laifin mai facin sosai ba. Ba mu ba shi gwajin da zai nuna masa ba. Abin da ke cikin ma'ajiyarmu shi ne a harhaɗa da apxs, a duba da httpd -t, a aika buƙatu goma da curl. Kusan kowane irin kod zai wuce wannan.

Nura:
Ni ina ganin a taƙaita. A buɗe apr_shm, memorin da duk 'ya'ya ke rabawa, mai girma tsayayye, a yi ƙidaya da apr_atomic_inc32, babu makulli babu jira. Makulli na gaba ɗaya a kan kowace buƙata ai layi ne aka kafa wa zare 400, wato 25 a kowanne cikin 'ya'ya 16.

Malam Habibu:
Girma tsayayye na yarda, Nura. A lissafa: bayit 16 na adireshi, 8 na lokacin da tagar ƙidaya ta fara, 4 na ƙidayar, 4 na ciko, gurbi ɗaya bayit 32 ke nan. Gurbi 65,536 zai ci megabayit 2 cif. Wannan ba nauyi ba ne, kuma duk yawan masu zuwa ba zai wuce haka ba.

Inda ban bi ka ba shi ne cire makulli. Ƙara ɗaya a kan ƙidaya ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne lokacin da sabon adireshi zai ƙwace gurbin wani: a rubuta bayit 16 na adireshi, a sauya lokaci, a mayar da ƙidaya sifili. Abu uku ne, kuma babu umarni ɗaya da zai yi su tare. In wani zaren ya karanta a tsakiya, zai ga rabin adireshin wannan da ƙidayar wancan, a hana mutumin da bai yi komai ba. Ana iya tsara shi ba makulli, amma kod ne da mutum ɗaya cikinmu zai fahimta, sauran mu sa hannu a makance.

Akwai kuma abu biyu. Ayyukan atomic na bit 64 sai a APR 1.7 suka shigo, RHEL 8 kuwa 1.6.3 yake ɗauke da shi, don haka filin lokaci ba zai harhaɗu a can ba. Sannan a kan wasu na'urori APR yana kwaikwayon atomic ne da makullin cikin furoses, wanda ba ya tsare komai tsakanin ɗa da ɗa.

Nura:
To a raba makullin. Teburin ya zama kashi takwas, kowane kashi da nasa.

Malam Habibu:
A auna tukuna. Abin da ake yi a cikin kulle bai wuce duba gurbi huɗu ko takwas da ƙara lamba ba. In h2load, manhajar gwajin matsi, ya nuna makulli ɗaya ne ke riƙe mu, sai a raba. In bai nuna ba, mun tsira da kod mai sauƙi.

Yadda za a ɗaura shi kuma matakai uku ne, kowanne a wurinsa. ap_mutex_register a pre_config, don mai saba ya iya zaɓar irin makullin da umarnin Mutex. ap_global_mutex_create a post_config. Sai apr_global_mutex_child_init a child_init. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, domin a wasu nau'o'in makulli babu abin da yake yi, sai ranar da wani ya zaɓi nau'in da ke dogara da fayil sannan abin ya fito.

Injiniya Bala:
A ƙara da wannan cikin takardar bayani. In makullin sysvsem ne kuma aka kashe uwar da kill -9, semafo ɗin yana zama a cikin tsarin. In suka taru, wata rana saba ta ƙi tashi tana cewa No space left on device alhali faifai fayau yake. Maganinsa a duba da ipcs -s a share da ipcrm. Masu amfani za su kawo mana wannan a matsayin laifin modul, gara su tarar da amsar a rubuce.

Kuma kada a manta post_config sau biyu ake kiransa a tashin farko, domin Apache yana karanta saiti sau biyu. A tambayi ap_state_query, in ya ce AP_SQ_MS_CREATE_PRE_CONFIG a koma ba tare da an buɗe komai ba. Shm ɗin kuma a fara gwada marar suna. Mai sunan fayil shi ne ke kawo File exists bayan saba ta mutu ba shiri.

Zainab:
Injiniya, batun graceful, sake loda saba ba tare da yanke haɗin da ke gudana ba, fa? A Debian logrotate yana sake loda saba kullum. pconf za a share, shm ya tafi da shi, ƙidaya ta koma sifili.

Injiniya Bala:
Ga iyakar minti ɗaya wannan ba hasara ba ce, a bar shi ya goge. In wata rana aka ƙara hani na awa ashirin da huɗu, sai a koma ap_retained_data_create. Amma a sani, lokacin sake kunnawa ana sauke modul ɗin a sake ɗora shi, don haka duk abin da aka ajiye a can kada ya ƙunshi manuni zuwa wani aiki ko wani rubutu da ke jikin modul. Kuma a sa lambar siga a cikin sunan ajiyar. In ba haka ba, sabon modul mai gurbin bayit 40 zai zo ya karanta teburin da aka gina da bayit 32.

Hajiya Rabi:
Sannunku da aiki. Ni daga ɓangaren masu ɗora modul ɗin a sabarsu zan yi magana, domin akwai abin da facin ya taɓa wanda babu wanda ya ambata. Ya mayar da r->useragent_ip zuwa c->client_ip. A 2.2 remote_ip ɗaya ne, a 2.4 aka raba shi biyu, kuma da dalili. client_ip shi ne wanda ya haɗa da mu kai tsaye. In akwai wakili (proxy) ko mai raba kaya a gaban sabar, adireshinsa ne wannan. useragent_ip shi ne wanda mod_remoteip ke gyarawa daga X-Forwarded-For. Da facin nan, duk shafin da ke bayan wakili zai ga duniya gaba ɗaya a matsayin mutum ɗaya, cikin daƙiƙu kaɗan kowa ya fara samun 429, amsar da ke cewa buƙatu sun yi yawa.

Kuma ko an gyara wannan, ina roƙon a sake duba iyakar da muke zuwa da ita. Mafi yawan masu shiga shafukanmu da datar waya suke shiga, kamfanonin waya kuma suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshin IPv4 guda. Ranar da aka saki sakamakon jarrabawa ko aka buɗe rajista, ɗalibai masu yawa za su fito ta adireshi ɗaya. Ni da za a bi tawa, modul ɗin ya zo a kashe, sai mai saba ya kunna shi a Location, sashen saiti na wani ɓangaren shafi, ɗin da yake so, kamar shafin shiga da kalmar sirri. A IPv6 kuma akasin haka ne, a ƙidaya /64 gaba ɗaya, domin na'ura ɗaya tana iya sauya rabin adireshinta na ƙarshe yadda ta ga dama.

Auwal:
Hajiya wannan gaskiya ce. In za a kunna ta Location, to ƙugiyar da muke rataye a kai, wato matakin da saba ke kiran modul ɗinmu, ma dole ta sauya. Yanzu a post_read_request muke, a can ba a riga an haɗa saitin Location ba.

Malam Habibu:
Haka ne. A koma header_parser ko access_checker, a kuma sa ap_is_initial_req a layin farko. Ba tare da shi ba, a access_checker ƙananan buƙatun cikin gida za su shiga ƙidaya: mod_dir yana yin su wajen neman index, mod_autoindex yana yi wa kowane fayil da zai jera. Babban fayil mai abu 200 sai ya cinye iyakar mutum a buɗewa ɗaya. ErrorDocument na 429 shi ma juyawa ce ta ciki, sai ta sake bi ta kanmu, mu hana shafin da zai gaya wa mutum an hana shi.

Retry-After kuma, kanun da ke gaya wa mutum yaushe zai sake gwadawa, a err_headers_out ake sa shi. Abin da ke headers_out ana zubar da shi in amsar ta kuskure ce.

Wajen haɗa saiti, kada create_dir_config ya cika 100 a matsayin asali. Ya sa -1, alamar ba a faɗi komai ba. In ya sa 100, merge ba zai bambance wanda ya rubuta 100 da hannunsa da wanda bai rubuta komai ba, sai Location na ciki ya danne abin da VirtualHost ya ce. Kuma merge sabon tsari yake ɗebowa daga rumbun da aka miƙo masa, ba ya taɓa na uwa ko na ɗa, domin ana kiransa a lokacin buƙata kuma na uwar kowa ke amfani da shi.

Auwal:
To matsalolin facin sun fito fili. Mu dawo tambaya ta biyu, ta ƙa'idar shigar da kod, ita ce ta fi damuna.

Nura:
Ra'ayina a bar kowa cikin mu huɗu ya shigar da nasa a babban reshe, a duba daga baya. Mutum huɗu ne masu aikin sa kai. In aka ce sai an jira sa hannu, faci zai yi wata biyu a kwance, mai shi ya gaji ya tafi. Shi kansa Apache a trunk, reshen da ake sabon aiki a kai, haka yake yi, a shigar sannan a duba.

Malam Habibu:
Gaskiya ne, amma rabin labarin ka kawo, Nura. Trunk ba shi ne abin da mutane ke ɗorawa a sabarsu ba. Reshen 2.4.x ne, kuma a can sai an duba sannan a shigar. Ana rubuta shawarar a fayil ɗin STATUS, ta jira +1 guda uku. Wanda ya sa -1 a kan kod ya hau kujerar naƙi ke nan, amma dole ya kawo hujjar fasaha, in babu hujja ƙin nasa ba ya aiki. Su suna da rassa biyu, ɗaya na gudu ɗaya na natsuwa. Mu reshe ɗaya gare mu, kuma daga shi muke yanka siga. Duk abin da ya shiga ya kama hanyar sabar mutane.

Kuma modul ba kamar manhajar da ke gudana a gefe ba ne. A cikin jikin sabar yake zaune. In ya faɗi a event, ɗan gaba ɗaya ne ya faɗi, da zarensa 25 da duk haɗin da yake riƙe da su, har na shafukan da ba su ma kunna modul ɗinmu ba.

Zainab:
Uku ya yi mana yawa, Malam. Mai faci ɗaya, saura uku, in ɗaya ya yi tafiya aiki ya tsaya cak. Ga abin da nake gani zai yiwu. Duk canjin da ya taɓa shm, makulli, karanta adireshi ko kanun buƙata, ko tsarin saiti, sai mutum biyu waɗanda ba su ne suka rubuta ba sun sa hannu. Sauran kod mutum ɗaya ya isa. Gyaran takardar bayani da rubutun saƙonni, in ya yi awa 72 babu wanda ya ƙi, mai shi ya shigar. Kuma babu wanda zai shigar da nasa facin da hannunsa a rukuni biyun farko, ko da shi ya fara rubuta modul ɗin.

Damuwar Nura ita ma gaskiya ce, don haka a ɗora wa kanmu nauyi: duk facin da ya zo daga waje ya samu amsar mutum cikin mako guda, ko da amsar ita ce mun gani, za a duba ranar kaza.

Nura:
In da wa'adin mako guda a ciki, na yarda. Abin da nake gudu shi ne ƙa'idar da ke ɗaure mai kawowa ta bar mai dubawa sake.

Injiniya Bala:
Ina goyon bayan Zainab, amma kada mu ɗauka sa hannu biyu ya gama magana. A tuna Oktoban 2021. Sigar Apache 2.4.49, wadda ta fito a Satumba, ta zo da sabon kod na daidaita hanyar fayil, aka gano ana iya tsallake babban fayil ɗin shafi ta hanyar rubuta ɗigo a matsayin %2e, wato CVE-2021-41773. Aka fitar da 2.4.50 da gyara. Cikin kwanaki kaɗan aka ga in an ninka lulluɓin, a rubuta %%32%65, gyaran bai kama ba. Sai da aka ba shi sabuwar lamba, CVE-2021-42013, aka fitar da 2.4.51. Waɗannan mutane ne da suka fi mu sanin kod ɗin nesa ba kusa ba, da ƙuri'unsu da komai. Ido yana ganin abin da aka nuna masa ne. Don haka duk gyaran ɓaraka ya zo da gwajin da ke faɗuwa kafin gyaran ya kuma wuce bayansa, sannan mai dubawa ya zauna ya rubuto 'yan'uwan wannan harin guda uku ko huɗu da kansa.

A wajenmu inda wannan zai taso shi ne karanta adireshi. ::ffff:192.0.2.1 da 192.0.2.1 mutum ɗaya ne. In ana kwatanta rubutu ne, gurbi biyu zai samu. A ɗauki bayit ɗin daga useragent_addr, a daina kwatanta haruffa.

Zainab:
Ga jerin gwajin da zan ɗaura, ku gyara mini. MPM uku, prefork da worker da event. HTTP/2 a worker da event kawai, tunda daga 2.4.27 mod_http2 ba ya aiki da prefork. Gwajin iyaka ya buɗe haɗi 50 mabambanta, a tilasta StartServers 4, a tabbatar jimillar da ta wuce ba ta haura iyaka ba. Wannan shi ne zai kama kuskure na uku da Malam ya faɗa. Gwajin matsi da h2load -n 100000 -c 100 -m 10, a tsakiyarsa a aika graceful sau uku, a ƙarshe a binciki error_log, in akwai exit signal ko ɗaya gwajin ya faɗi. Sai gini guda na musamman, APR da --enable-pool-debug, modul da AddressSanitizer mai kama kuskuren memori. Wannan ya zama dole domin rumbun APR yana ɓoye laifi: in ka taɓa memorin buƙatar da ta ƙare, galibi yana nan a hannun rumbu, ba abin da zai faɗi sai ranar da wani ya sake ɗibarsa.

A lokacin gwaji MaxConnectionsPerChild ya zama 0. In aka sa masa lamba, 'ya'yan za su riƙa mutuwa ana haifar sabbi, yoyon memori ya ɓuya.

Hajiya Rabi:
A kan waɗanne sigogin Apache za ki gwada?

Nura:
Ta ƙarshe kawai, da wadda ke Debian. Duk wanda ke kan tsohuwa ya sabunta.

Hajiya Rabi:
Nura, mai saba ba daga shafin Apache yake ɗauko sabarsa ba, abin da tsarinsa ya ba shi yake amfani da shi. RHEL 8 yana kan 2.4.37, Ubuntu 22.04 yana kan 2.4.52, 24.04 yana kan 2.4.58. Lambar ba ta motsawa, gyaran tsaro ne ake dawo musu da shi a kai a kai. Mutumin da ke kan 2.4.37 ba sakaci ya yi ba.

Ga inda ake faɗawa rami. Babbar lambar MMN, lambar da ke nuna dacewar modul da saba, ta duk jerin 2.4 ita ce 20120211, kuma ita kaɗai saba ke dubawa wajen ɗora modul. Ƙaramar lambar tana ƙaruwa duk lokacin da aka ƙara sabon aiki, amma ba a duba ta. Sai ka harhaɗa a kan sabuwar siga, ka kira aikin da aka ƙara daga baya, ka kai fayil ɗin tsohuwar saba, ta ƙi tashi da undefined symbol. Abin da Debian ke dogara da shi, apache2-api-20120211, da httpd-mmn na ɓangaren Red Hat, duk babbar lambar suke tsarewa. Don haka duk sabon aiki a kewaye shi da AP_MODULE_MAGIC_AT_LEAST, a rubuta masa madadi ko a kashe wannan ɓangaren. Ni na yarda a sauke 2.4.6, tunda CentOS 7 ya kai ƙarshen rayuwarsa a watan Yunin 2024. Ƙasan ya zama 2.4.37, a rubuta shi a sarari a README, a kuma gwada shi da gaske. Sigar da ba ma gwadawa kada mu ce muna goyon bayanta.

Nura:
2.4.37 da APR 1.6.3 ke nan a ƙasa. To shi ke nan, atomic na bit 64 ya fita daga lissafi ko ta wace hanya.

Injiniya Bala:
Saura abu ɗaya da ba mu taɓa ba, wato makullan gida. Wa ke iya yanka siga, wa ke riƙe da mabuɗin sa hannu, kuma yaya ake ƙara mutum na biyar?

Abin da ya faru da xz a Maris 2024 ya shafe mu kai tsaye. Ƙaramar manhajar matse fayil ce, mai kula da ita ɗaya, nauyi ya yi masa yawa. Wani asusu mai suna Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu amfani har ya samu ikon fitar da siga. Ƙofar bayan da aka dasa a 5.6.0 da 5.6.1, ɓangaren da ke kunna ta yana cikin ƙunshin da ake saukewa ne, babu shi a ma'ajiyar git da mutane ke karantawa. Andres Freund ne ya gano ta, saboda ya lura shiga ta ssh tana cin lokaci fiye da kima. Darasin da ya shafi aikinmu shi ne ƙunshin siga ya fito daga tag kai tsaye, mutum ɗaya ya gina, na biyu ya sake ginawa a na'urarsa ya kwatanta abin da ke ciki, sannan a sa hannu. Babu fayil ɗin da zai shiga ƙunshi wanda babu shi a ma'ajiya.

Ikon shigar da kod daban, ikon fitar da siga daban. Na farko ana iya ba wanda ya daɗe yana kawo faci kuma yana duba na wasu, da amincewar dukkanmu. Na biyu ya tsaya a hannun mutum biyu, kada ya zama ɗaya, kada kuma ya zama kowa.

Malam Habibu:
Kada ya zama ɗaya ɗin nan a ja masa layi. ModSecurity, sanannen modul na tsaron saba, ya yi shekaru a hannun kamfanin Trustwave, da kamfanin ya yanke shawarar sauka sai aka miƙa shi ga ƙungiyar OWASP a farkon 2024. Shi ya samu mai karɓa domin duniya ta dogara da shi. Ƙaramin modul irin namu in mai riƙe da mabuɗi ya ɓace, babu wata ƙungiya da za ta zo ɗauka. Masu mallakar ma'ajiya su zama biyu tun yau, kuma matakan fitar da siga a rubuta su ɗaya bayan ɗaya, har wanda bai taɓa yi ba ya iya bi.

Hajiya Rabi:
A haɗa da fayil ɗin SECURITY mai nuna inda za a kai rahoton ɓaraka a asirce, kada mutum ya rasa hanya ya zo ya baje ta a fili. Da kuma Signed-off-by a kan kowane faci, git commit -s ne kawai. Lasisinmu Apache 2.0 ne, in wani ya kwafo kod daga aikin da ke ƙarƙashin GPL ya liƙa mana, ba mu da ikon rarraba shi da lasisinmu, kuma cire shi bayan ya shekara a ciki aiki ne mai wahala.

Auwal:
To facin fa? Har yanzu yana nan a buɗe, mai shi yana jira.

Zainab:
Kada a rufe masa, kada kuma mu karɓe mu sake rubutawa mu bar shi da kallo. Matsalar da ya zo gyarawa gaskiya ce, tsohon kod ɗin yana bin jeri ne tun daga farko a kan kowace buƙata, shi ya sa yake nauyi. A gode masa, a nuna masa abu uku na Malam da na useragent_ip, kowanne da layin da yake da kuma umarnin da zai sake haifar da matsalar a na'urarsa. A roƙe shi ya raba aikin gida biyu: faci na farko teburin shm da makulli, na biyu sauya ƙugiya da Location. Guda ɗaya mai layi ɗari shida babu mai iya duba shi da kyau.

Malam Habibu:
Ni zan duba na shm ɗin. Injiniya, kai ne na biyu?

Injiniya Bala:
In sha Allah. Amma gwajin Zainab ya riga shi shiga, don mu ga facin na yanzu ya faɗi a kansa tukuna. In bai faɗi ba, gwajin ne ke da gyara.

Zainab:
Zan tura na haɗi 50 da na graceful zuwa Alhamis. Ginin AddressSanitizer zai ɗan jinkirta, domin sabar da ba a gina da shi ba sai an ɗora mata libasan ta LD_PRELOAD kafin ta karɓi modul ɗin, kuma ina so in gina APR mai pool-debug a kwantena guda a ajiye, kada kowane gwaji ya sake harhaɗa shi daga farko.

Nura:
Lambobin h2load kuma a ajiye su a fayil tare da sigar Apache da yawan zare. In makulli ɗaya ya nuna nauyi, ni zan rubuta rabawar gida takwas.

Auwal:
Madalla. Zan rubuta wa mai facin yau, in kuma buɗe CONTRIBUTING da ƙa'idar Zainab da wa'adin mako guda. Hajiya, layin README na 2.4.37 da batun zuwa a kashe, ke za ki rubuta ko in haɗa da nawa?

Hajiya Rabi:
Bar mini su. Zuwa a kashe yana sauya halin modul ga waɗanda suka riga suka ɗora shi, don haka sai a babbar siga ta gaba, kuma a sigar da ke gabanta a riƙa rubuta gargaɗi a error_log lokacin tashi in ba a ga umarnin kunnawa a saiti ba.